Nutirino: ƙwayar da giɓin lissafi ya tona asirinta

A cikin daƙiƙa guda, wasu ƙananan ƙwayoyi kimanin miliyar 65 (biliyan 65 ke nan a lissafin Najeriya) suna ratsa wurin da bai fi faɗin farcen babban yatsa ba a jikin kowane mutum da ke doron ƙasa. Daga can cikin cibiyar rana suke tasowa. Da rana ta sama suke sauko wa mutum. Da dare kuwa, bayan rana ta koma wancan gefen duniya, sai su ratso ƙasa gaba ɗayanta, da duwatsunta da narkakken ƙarfen da ke cikinta, su ɓullo ta ƙarƙashin tabarma su wuce abinsu. Ba sa sa ciwo, ba sa kawo zafi, ba sa barin tabo. Sunan wannan ƙwaya nutirino, kuma in aka cire ƙwayoyin haske, babu wata ƙwaya da masana suka sani da ta kai ta yawa a sararin samaniya.

Abin da ido bai gani ba, hannu bai taɓa ba, katanga ba ta tare shi, ta yaya aka san da zamansa? Ta hanyar da ɗan kasuwa yake gane ana ɗibar masa kaya tun bai kama kowa ba: lissafi ne ya ƙi cika. Har sau biyu aka yi haka a tarihin nutirino, kuma kowane giɓi sai da ya ci wa masana shekaru kafin a cike shi.

Giɓi na farko

Duk abin da ake iya taɓawa, dutse ne ko ruwa ko naman jiki, da zarra aka gina shi. Kowace zarra tana da cibiya mai nauyi inda ƙwayoyi iri biyu, furoton da nutiron, suke a dunƙule, sai wata ƙwaya mara nauyi sosai mai suna elektiron da ke kewaye daga waje. Akwai sinadaran da cibiyar zarrarsu ba ta da natsuwa. Bayan wani lokaci sai ta tofar da elektiron guda, ita kuma ta rikiɗe ta zama cibiyar wani sinadari dabam. Masana ilimin fizik suna kiran wannan rikiɗar beta.

Akwai wata doka da ilimin fizik gaba ɗaya ya ɗoru a kanta: makamashi ba ya ɓacewa, ba ya kuma samuwa daga babu, sai dai ya sauya kama. Bisa wannan doka, duk elektiron ɗin da ya fito daga sinadari iri ɗaya ya kamata ya fito da ƙarfi daidai wa daida da na ɗan uwansa, domin abin da cibiya ta rasa, shi ne abin da elektiron zai ɗauka. Amma a shekarar 1914 James Chadwick, ɗan Ingila, ya auna ya ga ba haka abin yake ba. Wani elektiron ya fito da ƙarfi sosai, wani da rabi, wani da ɗan kaɗan.

Kamar dai a ce ɗan kasuwa yana aika buhun gero mai tiya 40 kullum zuwa wani gari. Yau a auna a can a tarar da tiya 31, gobe 12, jibi 38. Ba a taɓa samun fiye da 40 ba, amma kusan kullum da saura. Ko dai a ce gero yana ɓacewa da kansa, ko kuwa a ce akwai mai ɗiba a hanya.

Niels Bohr na ƙasar Danmak, wanda a lokacin babu mai ja da shi a ilimin zarra, ya karkata ga zance na farko. Ya ce mai yiwuwa dokar ba ta aiki ƙwaya bayan ƙwaya, sai dai a jimlace. Wolfgang Pauli, haifaffen Ostiriya da ke koyarwa a Zurik ta ƙasar Suwis, bai yarda a yar da doka saboda wahalar lissafi ba. Ranar 4 ga Disamba 1930 ya aika da wasiƙa ga wani taron masana a garin Tubingen na Jamus, ya ce akwai wata ƙwaya ta biyu da ke fita tare da elektiron, tana tafiya da ragowar makamashin. Ba ta da cajin lantarki, nauyinta kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa na'ura ba ta ganinta. Shi da kansa ya kira shawarar maganin wanda dabara ta ƙare masa. Bai ma halarci taron ba, ya ce akwai wani bikin rawa a Zurik da ba zai iya bari ba.

Enrico Fermi na Italiya ne ya ɗauki maganar da gaske. Shi ya yaɗa sunan nutirino, wanda a harshen Italiya yake nufin ƙaramin abu da bai da ɓangare, kuma tsakanin 1933 da 1934 ya tsara lissafin da ya bayyana rikiɗar beta dalla-dalla. Lissafin ya dace da abin da ake aunawa. Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. A 1934 Hans Bethe da Rudolf Peierls suka yi amfani da lissafin Fermi don su ga yadda za a kama ƙwayar, suka kammala da cewa a aikace babu hanya.

Dalilin yana da sauƙin fahimta. Zarra kusan duka fili ce. Da za a faɗaɗa ta ta kai girman filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta fi ƙwayar wake a tsakiyar filin ba. Abin da ke hana hannu ratsa bango ba cikar bangon ba ce, turjiyar lantarki ce tsakanin elektiron na hannu da na bango. Nutirino ba ta da caji, saboda haka bango a wurinta ba bango ba ne. Ƙarfin da ke ɗaure cibiyar zarra ma bai shafe ta ba. Abin da take ji shi ne wani ƙarfi da ake kira rarraunan ƙarfi, wanda ba ya aiki sai ta zo daf da wata ƙwaya har kusan su haɗe. Don a tare rabin nutirino irin wanda rana take fitarwa, sai an gina katangar dalma mai kaurin da haske zai yi kamar shekara guda yana tafiya kafin ya ƙure, wato sama da kilomita miliyar 9,000.

Kamun farko

Masana biyu a Amurka, Frederick Reines da Clyde Cowan, suka dubi matsalar ta wata fuska. In ƙwaya ɗaya ba ta tsayawa, to a je inda suke kwarara ba adadi, ko ɗaya a cikin miliyoyin miliyoyi ta yi karo. Da fari sun yi tunanin ajiye na'ura kusa da inda ake gwajin bam ɗin nukiliya. Daga baya suka ga tukunyar nukiliya ta fi, domin ita tana ci dare da rana, kuma ba ta rusa kayan aiki.

A tashar Savannah River da ke jihar Karolina ta Kudu suka kafa na'urarsu, mita 11 daga tukunyar, mita 12 a ƙarƙashin ƙasa. Tankuna biyu ne na ruwa, kowane lita 200, an narkar da sinadarin kadmiyom a ciki, an kuma sa su tsakanin wasu tankuna masu wani ruwa da ke walƙiya idan tiriri ya ratsa shi. Abin da tukunyar nukiliya take fitarwa a gaskiya kishiyar nutirino ce, domin ƙwayoyin halitta suna da kishiyoyi masu nauyi ɗaya da su amma halinsu a juye. Idan kishiyar nutirino ta bugi furoton a cikin ruwan, abu biyu ke fitowa. Na farko kishiyar elektiron, wadda nan take za ta gamu da elektiron su hallaka juna su bar walƙiya. Na biyu nutiron, wanda zai ɗan yi yawo kafin kadmiyom ya haɗiye shi, a sake ganin wata walƙiya bayan wani ɗan ɓangare na daƙiƙa. Walƙiya biyu a jere, da tazara sananniya tsakaninsu, kamar baƙon da aka yi alkawari da shi zai ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu. Wannan ce shaidar.

Dubban miliyar na ƙwayoyin suna ratsa kowane santimita na tankin a daƙiƙa, amma abin da suka samu bai wuce karo kamar uku a awa ba. Da aka kashe tukunyar sai alamar ta ragu, da aka kunna ta dawo. Ranar 14 ga Yuni 1956 suka buga wa Pauli waya cewa an ga ƙwayarsa, kusan shekara 26 bayan wasiƙar. Pauli ya rasu shekara biyu bayan haka. Lambar yabo ta Nobel ba ta zo wa wannan aiki ba sai 1995, lokacin Cowan ya yi shekara 21 a kabari, sai Reines kaɗai ya karɓa.

A nan labarin ya ɗan taɓo yankin Sahel. Uraniyom ɗin da aka fara haƙowa a Arlit tun 1971 ya daɗe yana cikin abin da ke hura tukwanen nukiliya na Faransa. Duk lokacin da cibiyar uraniyom ta tsage a cikin tukunya, gutsattsarin da ta bari suna fitar da kishiyar nutirino kamar shida. Kusan kashi 5 cikin 100 na makamashin tukunyar ta haka yake sulalewa, ya ratsa kankare da ƙarfe ya nufi samaniya, babu injiniyan da zai iya mai da shi wutar lantarki. A tashar Chooz da ke arewacin Faransa, kusa da iyakar Beljiyam, masana sun kafa na'urori a ƙarƙashin ƙasa musamman don ƙirga waɗannan ƙwayoyi. Ko uraniyom ɗin da ke kwance cikin dutse ba a haƙo shi ba yana fitar da su a hankali, kuma a 2005 wata na'ura a Japan mai suna KamLAND ta fara hango irin waɗanda ke tasowa daga cikin ƙasa.

Nahiyar Afirka tana da nata kason a tarihin. A 1965 tawagar Reines, tare da masanan Afirka ta Kudu, ta sauka fiye da kilomita uku cikin mahaƙar zinariya ta East Rand kusa da Johannesbag, ta kama nutirino na farko da ba ɗan Adam ne ya samar da shi ba. Irin wanda ke samuwa ne idan ƙwayoyi masu gudu daga sararin samaniya suka bugi iskar da ke lulluɓe da duniya. Wata tawaga a mahaƙar zinariya ta Kolar a Indiya ta ga irinsa a wannan shekara. Tun daga nan farautar nutirino ta zama aikin cikin rami, domin dutsen da ke sama yana tace sauran ƙwayoyi masu rikita awo, ya bar wadda ba ta san katanga ba.

Giɓi na biyu: rana ba ta biya cikakke

Tun wajen 1939 masana suka yarda cewa rana tana ci ne ta hanyar haɗa cibiyoyin haidirojin huɗu su zama cibiyar hiliyom guda, kuma kowace haɗuwa tana sakin nutirino biyu. Amma wannan lissafi ne a takarda. Babu wanda ya leƙa cikin rana. Hasken da ake gani ba shaida ba ne kai tsaye, domin makamashin da aka haifa a cibiya yana yin dubban shekaru masu yawa yana karo da tuntuɓe kafin ya iso fatar rana. Nutirino kuwa cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya take fita, bayan minti takwas ta iso duniya. Wanda ya ƙirga ta ya ga abin da tukunyar rana take yi a yau.

Mutum biyu suka ɗauki aikin. John Bahcall ya lissafa adadin da ya kamata a gani. Raymond Davis, masanin harhaɗa sinadarai, ya gina tarkon. A mahaƙar zinariya ta Homestake da ke jihar Dakota ta Kudu, kusan kilomita ɗaya da rabi a ƙarƙashin ƙasa, ya ajiye tanki mai lita kimanin 380,000 na wani ruwan sinadari da masu wankin kwat suke amfani da shi. Ya zaɓe shi ne don yana da araha kuma cike yake da kulorin. Idan nutirino ta bugi wani nau'in zarrar kulorin, sai ta mai da ita zarrar iskar argon mai fitar da tiriri.

Sai a dubi girman aikin. Yawan zarrar da ke cikin tankin sai an rubuta lamba an bi ta da sifiri 30. A cikinsu, kamar guda ɗaya ce take rikiɗa a cikin kwana biyu. Bayan wata biyu ko uku Davis yakan hura iskar hiliyom cikin tankin ta kwaso argon ɗin da ya taru, wanda galibi bai kai zarra 20 ba, ya tattara shi a wani ɗan bututu, ya zauna yana jiran kowace zarra ta fashe don ya ƙirga ta. Allura cikin ruwa ma ta fi wannan sauƙin nema.

Sakamakon farko ya fito a 1968. An ga nutirino na rana, amma abin da tankin ya riƙa bayarwa shekara bayan shekara kamar kashi ɗaya ne cikin uku na abin da Bahcall ya lissafa. Yawancin masana suka ce ɗaya daga cikin biyun ya yi kuskure, kuma zargin ba na banza ba ne. Wa zai rantse cewa mutum ya tsamo zarra goma sha biyar daga tanki mai girman wurin ninƙaya bai zubar da ko ɗaya ba? A ɓangaren Bahcall kuma, irin nutirino da tankin yake kamawa ya dogara sosai da zafin cibiyar rana, wanda ya kai digiri miliyan 15. Ɗan kuskure kaɗan a wannan zafi zai iya sauya amsar ninki biyu. Davis ya zuba sanannen adadin argon cikin tankin da gangan, ya tsamo fiye da kashi 90 cikin 100. Bahcall ya yi ta sake lissafinsa. Giɓin bai motsa ba. Wasu na'urori a Japan da Italiya da Rasha, kowace da nata salon, su ma suka tarar da ragi. Fiye da shekara 30 ana cikin wannan hali.

Amsar ta daɗe a ajiye, ba a dai ba ta muhimmanci ba. Tun 1962 aka gano a Amurka cewa nutirino ba iri ɗaya ba ce: akwai mai tafiya da elektiron, akwai mai tafiya da miyon, wata ƙwaya mai kama da elektiron amma ta fi shi nauyi sau 200 da ƴan kai. Iri na uku, mai tafiya da ƙwayar tau, sai a shekarar 2000 aka gan shi kai tsaye. Bruno Pontecorvo, almajirin Fermi da ya koma Tarayyar Sobiyat a 1950, ya kawo tunanin cewa nutirino tana iya sauya kama a hanya, kuma a 1969 shi da Vladimir Gribov suka ce wannan zai iya bayyana ragin da Davis ya gani. Rana irin elektiron kaɗai take fitarwa, tankin Davis ma irin elektiron kaɗai yake gani. Kamar a sa mutum a bakin iyaka ya ƙirga matafiya masu farar riga, domin an ce duk da farar riga suka baro gida. In kashi biyu cikin uku sun sauya kaya a hanya, zai rantse ba su zo ba, alhali ta gabansa suka wuce.

Abin da ya sa aka yi ta ɗari-ɗari da wannan bayani shi ne farashinsa. Babban tsarin da masana suka gina na ƙwayoyin halitta ya ɗauka nutirino ba ta da nauyi ko kaɗan. Abin da bai da nauyi da gudun haske yake tafiya, kuma a ka'idar Einstein mai tafiya da gudun haske lokaci ba ya wuce masa. Wanda lokaci bai wuce masa kuwa ba shi da damar sauyawa. Yarda da sauya kama yana nufin yarda cewa nutirino tana da nauyi, wato tsarin da aka yi alfahari da shi yana da ɓaraka.

Shaida daga Japan da Kanada

A ƙarƙashin wani dutse a yankin Kamioka na Japan, mita 1,000 a cikin ƙasa, akwai tanki mai tan 50,000 na tataccen ruwa, an jera wa bangonsa na ciki ƙwayayen gilashi masu hango haske fiye da 11,000. Sunansa Super-Kamiokande, ya fara aiki a 1996. Haske yana rage gudu a cikin ruwa, ya koma kamar kashi uku cikin huɗu na gudunsa. Idan nutirino ta bugi wata ƙwaya a ruwan, abin da ya fito yakan fi hasken gudu a wurin, sai ya bar shuɗin haske a bayansa kamar igiyar ruwan da kwalekwale mai inji yake bari. Hasken yana sauka a bango a siffar zobe. Daga zoben ake gane irin nutirino da kuma inda ta fito.

Masanan Japan suka ƙirga irin miyon da ke samuwa a iskar duniya. Waɗanda suka sauko daga sama, bayan tafiyar ƴan kilomita goma-goma, sun cika. Waɗanda suka taso daga ƙasa, bayan sun ratso duniya daga wancan gefe, tafiyar kusan kilomita 13,000, kusan rabinsu babu. Ba ƙasa ce ta cinye su ba, domin ba ta iyawa. Doguwar tafiya ce ta ba su lokacin sauya riga. Takaaki Kajita ya sanar da haka a watan Yuni 1998.

Saura batun rana. A Sudbury ta ƙasar Kanada, kilomita biyu cikin mahaƙar nikel, tawagar Arthur McDonald ta cika wani ƙaton tulu da tan 1,000 na ruwa mai nauyi, wato ruwan da haidirojin ɗinsa yake da ƙarin nutiron. Amfanin wannan ruwa shi ne yana ba da ƙirga biyu: ɗaya na irin elektiron kaɗai, ɗaya na dukkan iri uku a haɗe. Sakamakon 2001 da 2002 ya nuna irin elektiron kamar kashi ɗaya ne cikin uku, yadda Davis ya gani. Jimlar duka ukun kuwa ta dace da lissafin Bahcall. Ashe babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Davis ya sami Nobel a 2002 yana da shekara kusan 88, Kajita da McDonald suka samu a 2015. Bahcall, wanda ya sha zargi shekara talatin a kan lissafin da ya tabbata daidai, ya rasu a 2005 ba a ba shi ba, kuma da wuya a ce an yi masa adalci.

To nawa ne nauyin? Har yanzu ba a auna shi ba, iyakarsa kawai aka sani. Na'urar KATRIN da ke Karlsruhe a Jamus ta nuna a 2025 cewa nutirino ta fi elektiron rashin nauyi fiye da sau miliyan ɗaya. Babban tulun wannan na'ura, da aka ƙera a wani gari mai nisan kilomita 400 kacal, ya fi ƙarfin hanyoyin mota, sai da aka bi da shi ta kogin Danub da Bahar Aswad da Bahar Rum da Tekun Atlantika, tafiyar kusan kilomita 9,000, kafin ya iso.

Ba kowane giɓi ne yake ɓoye sabon ilimi ba. A Satumba 2011 masu gwajin OPERA a Italiya suka sanar cewa nutirino da aka harbo daga cibiyar CERN kusa da Janeba, tafiyar kilomita 730, ta riga haske isowa da kashi 60 cikin miliyar na daƙiƙa. Jaridun duniya suka ɗauka an kayar da Einstein. Bayan ƴan watanni aka gano wata wayar da ke kai saƙon agogo ce ba a ɗaure ta da kyau ba. Da aka gyara, ragin ya ɓace. Bambancinsa da na Davis shi ne nasa ya jure duk gwajin da aka yi masa.

Saƙo daga nesa

Rashin tsayawar da ya sa nutirino ta yi wuyar kamu shi ne ya mai da ita manzo mai amana. Ƙura ba ta tare ta, maganaɗisun samaniya ba ya karkatar da ita. Ranar 23 ga Fabrairu 1987, na'urori uku a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyat suka kama nutirino ashirin da ƴan kai cikin daƙiƙa 13. Bayan awa biyu zuwa uku masu duban taurari suka fara ganin hasken wani tauraro da ya tarwatse a nisan da haske yake yi wa tafiyar shekara kusan 168,000. Waɗannan ƴan ƙwayoyi sun tabbatar da abin da ake zato, cewa idan babban tauraro ya rushe, kusan kashi 99 cikin 100 na makamashinsa a nutirino yake fita, hasken da ke cika ido ragowa ne kawai.

Yanzu tarkunan sun fi ƙarfin tanki. A ƙurewar kudancin duniya, na'urar IceCube da aka kammala a 2010 ta nutsar da idanun gilashi 5,160 cikin ƙanƙara mai faɗi da tsawo da zurfin kilomita guda. A 2017 ta kama wata nutirino da aka bi sawunta zuwa wani gungun taurari mai nisan tafiyar haske ta shekara kusan miliyar huɗu. A Bahar Rum ana shimfiɗa KM3NeT a wuri biyu, gaɓar Tulon ta Faransa da gaɓar tsibirin Sisili, kuma jami'o'in Maroko da Afirka ta Kudu suna cikin aikin. Ranar 13 ga Fabrairu 2023, tun ba a gama ginin ba, ɓangaren Sisili ya ga alamar nutirino mafi ƙarfi da aka taɓa gani. An ƙiyasta ƙarfinta ya ninka na furoton ɗin da babbar na'urar CERN take harbawa kusan sau 30,000. Har yau masana suna muhawara kan inda ta fito.

Mai karatu yana da haƙƙin tambayar me wannan zai ƙara wa tukunyar tuwo. A yau, kusan babu. Amfani mafi kusa da ake gwadawa shi ne sa ido kan tukwanen nukiliya daga waje, tun da babu gwamnatin da za ta iya ɓoye kishiyar nutirino da tukunyarta take fitarwa. Abin da ya sa ƙasashe suke zuba kuɗi wata tambaya ce dabam. Lissafi ya nuna a farkon samuwar sararin samaniya ƙwayoyi da kishiyoyinsu ya kamata su fito daidai wa daida, kuma da haka ta faru, da sun hallaka juna ba a bar komai ba sai haske. Amma ga taurari, ga ƙasa, ga mutane. Wani abu ya fifita ɓangare ɗaya, giɓi na uku ke nan, kuma ana zargin nutirino da kishiyarta ba sa sauya kama iri ɗaya.

Don gwada wannan, Japan tana gina Hyper-Kamiokande, wanda ruwansa zai ninka na tsohon tankin kusan sau biyar. Amurka kuma tana shirya gwajin DUNE: za a harbo nutirino daga cibiyar Fermilab kusa da Shikago, ta ratsa ƙasa kilomita 1,300 ba tare da an haƙa mata rami ba, ta faɗa cikin tankunan narkakkiyar iskar argon. An gama fafe kogunan da za a ajiye tankunan a 2024, a tsohuwar mahaƙar Homestake, inda Davis ya yi ƙirgarsa.